Waya a Cikin Aji: Kafin Mu Taɓa Baikon Kaka

Wannan shi ne jawabin da jami'in raya karkara na ofishinmu ya yi a taron iyaye, malamai da dattawan ikkilisiya a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke aiki. Mun buga shi domin ikkilisiyoyi da dama suna aiko mana da irin wannan tambaya.

  Na san wasunku sun bar dawa a gona ba a gama yanka ba domin su zo nan, saboda haka zan yi ƙoƙari kada in cinye muku rana.

Wasiƙar da sakataren kwamitin makaranta ya aiko ofishinmu tambaya ɗaya ce a cikinta. Baikon kaka na bana ya yi auki, mun gode wa Allah, kuma an ware wani kashi domin makaranta. Wasu sun ce a sayi kwamfutocin hannu a raba wa yara kamar yadda ake yi a makarantun birni. Wasu kuma sun ce wannan ɓarnar kuɗi ce, waya ita ce ta lalata yaran zamani, a hana ta shiga makaranta gaba ɗaya. An gaya mini har muryoyi sun tashi a taron da ya wuce. To, kuɗinku ne, guminku ne, ku ne za ku yanke shawara. Nawa shi ne in faɗa muku abin da na gani da abin da na karanta, har da kuskuren da ni kaina na yi.

Bari in fara da masu cewa a hana. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ina firamare. Sai bayan shekaru ta iso garinmu, kuma ina tuna yadda mutane suke hawa tudun bayan kasuwa suna ɗaga waya sama suna neman sabis. Yau da zan ce duk mai waya a aljihu ya ɗaga hannu, ina jin waɗanda ba za su ɗaga ba ƙalilan ne. Da ita kuke jin farashin masara, da ita 'ya'yanku na birni suke aiko muku da kuɗi. Ta riga ta shiga gida, kuma yaran da muke magana a kansu sun fi mu sanin cikinta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta kacokan. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, ba takarda ba biro. Hukumar WAEC ma ta soma gwada kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa a matsayin ɗalibai masu zaman kansu. 'Yar ƙanen babana yarinya ce mai ƙoƙari, ita take zuwa ta ɗaya ko ta biyu a ajinsu. Ranar da ta je zana JAMB ita ce ranar farko da ta taɓa zama gaban kwamfuta. Da ta dawo ta ce mini, "Yaya, na san amsoshin, amma hannuna rawa yake yi. Ina tsoron in danna wani abu injin ya lalace a ce Baba ya biya." Kafin ta natsu lokaci ya yi nisa. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: A, B, C, D domin zaɓen amsa, N domin zuwa tambaya ta gaba, P domin komawa baya. Da ta sami ko sati ɗaya tana taɓawa, da ba ta yi asarar shekara guda a gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka, iyayena, maganar hanawa gaba ɗaya ba zan iya goyon bayanta ba.

Yanzu in juyo ga masu cewa a saya a raba. A nan ne zan tona asirin kaina.

Ina sabon shiga wannan aiki, difloma ta tana da ɗumi a jaka, wasu abokan aikinmu na ƙasar waje suka aiko mana da kwamfutocin hannu guda 12, cike da darussa. Aka ce in zaɓi makaranta in kai. Na zaɓi wata makarantar ikkilisiya can bayan kogi. Muka yi biki, mai unguwa ya zo, mata suka rera waƙa, aka ɗauki hotuna yara suna riƙe da na'urori suna dariya. Na koya wa malamai yadda ake kunnawa da kashewa cikin yamma guda. Sa'an nan na ba hedimasta takarda ya sa hannu cewa duk wadda ta ɓata ko ta lalace shi ne zai ɗauki nauyi. Na dawo ofis na rubuta rahoto mai daɗi.

Damina ta tare hanya, ban koma ba sai da ruwa ya janye. Da na tambaya, hedimasta ya kai ni ɗakinsa, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya buɗe kwado. Ga su nan dukansu a jere, kowace a cikin ledarta, ko ƙwarzane babu. Na kunna ta farko ba ta tashi ba. Batir in ya daɗe a mace ba caji, wani lokaci ba ya sake tashi, kuma haka ya faru da kusan rabinsu.

Raina ya ɓaci, na fara faɗa. Dattijon nan ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, zauna." Ya ce garin ba wuta, mai shagon caji yana gari na gaba, kuma kowace guda kuɗinta daban. Wa zai biya? Ya ce darussan da ke ciki da Turanci ne irin na Turawa, ko malaman sai sun kasa kunne sosai, balle ɗan aji biyu. Ya ce yara sun fi sittin a aji, in ka ba goma sha biyu sauran su zama 'yan kallo, darasi ya koma kokawa. Daga ƙarshe ya nuna mini takardar da na sa shi ya sa wa hannu, ya ce albashinsa na wata uku ba zai sayi guda ɗaya ba, to don me zai miƙa ta hannun yaro? Ban sami amsa ba. Duk tambayoyin nan da na yi su kafin biki, da mintuna goma sun ishe shi ya amsa mini. Ban yi ba, domin hankalina yana kan hoto da rahoto.

Daga baya na gane ba ni kaɗai na taɓa faɗawa wannan rami ba, manya ma sun faɗa. Wasunku za su tuna da labarin kwamfutar dala 100, 'yar ƙarama mai launin kore da fari, wadda wata ƙungiya ta Amurka ta ƙera da nufin kowane yaro a duniya ya mallaki tasa. A 2007 an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja. Ba a daɗe ba jaridu suka ba da labarin cewa an sami hotunan batsa a kwamfutocin wasu yaran, domin an haɗa su da intanet ba a sa shinge ba. Ƙasar Peru a Kudancin Amurka ta sayi irin wannan kwamfuta fiye da 800,000. Masu bincike suka bi makarantun ƙauye 319, suka fitar da sakamako a 2012. Bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, wannan gaskiya ne, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Gwamnati ce guda da kuɗinta. Mu kuwa buhunan masara ne da dawa da mata suka ɗauko a ka zuwa majami'a.

Amma akwai labarin da ya ƙarfafa ni, kuma a maƙwabta ya faru. A 2009 da 2010 hukumar agaji ta Katolika, wato CRS, ta gudanar da ajin yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, da Hausa da Zabarmanci, tare da masu bincike daga Jami'ar Tufts ta Amurka. Dukan ƙauyukan suna da malami da allo da alli, darasi iri ɗaya. A kusan rabinsu sai aka ƙara abu guda: aka koya wa ɗaliban amfani da ƙaramar waya mai madannai, irin wadda muke haska hanya da tocilarta. Mutum biyar waya ɗaya. Aka nuna musu inda lambobi da haruffa suke, yadda ake kira, yadda ake rubuta saƙon tes da karanta shi. Da aka yi jarrabawa, ƙauyukan da suka koyi waya sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji bambancin bai gushe ba, musamman a lissafi.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ƙaramar waya ta yi abin da kwamfuta ta kasa. Ga yadda na fahimta. Malami yana nan, shi ya koyar da baƙaƙe da wasula a kan allo kamar kullum. Wayar ba ta koya wa kowa karatu ba, wurin maimaitawa ta ba su. Tsohuwar da ta koyi haruffa da rana, da dare tana so ta aika wa ɗanta da ya tafi cin rani saƙo, kuma saƙon tes ya fi kira araha. Sai ta zauna tana harhaɗa haruffa, ba domin malam ya ce ba. Waɗanda muka yi ajin yaƙi da jahilci a nan mun san ciwon: a gama aji da murna, bayan shekara guda rabin abin ya tsere domin ba inda ake amfani da shi. Kuma wayar abu ce da suka riga suka san inda ake cajinta da mai gyara ta a kasuwa.

To, a makarantar yara fa? Shawarata ita ce waya ta fara shiga hannun malam kafin ta shiga hannun yaro. Jihar Edo ma da ta fara nata shiri a 2018, malamai ta ba kwamfutocin hannu masu ɗauke da darasin kowace rana. Ni kuwa abin da ya gamsar da ni wata malamar aji biyu ce da na zauna a ajinta a wani ƙauye da bai fi wannan girma ba. Babbar waya ce da ita, tsohuwa, gilashin har ya tsage, da wata 'yar sifika da bai kai kuɗin akuya ba. Ranar kasuwa takan shiga gari inda sabis yake da ƙarfi ta sauke abin da take bukata na sati. A ƙauye ba ta kunna data ko kaɗan.

Ranar da na je darasin sauro take yi. Ta tara yara rukuni rukuni, ta nuna musu ɗan bidiyo na minti biyu, yadda ƙwan sauro yake zama tsutsa a cikin ruwa, tsutsar ta zama sauro ta tashi. Ta kashe waya ta sa a jaka. Sa'an nan ta kwashe ajin duka zuwa bayan makaranta inda wata fasasshiyar tukunya ta tara ruwa, ta ce su leƙa. Ku zo ku ji ihu! Ga abin da suka gani a waya yana motsi a gabansu. Suka zubar da ruwan, suka koma aji, ta rubuta jimloli huɗu a allo suka kwafa. Minti biyu na waya, sauran duk aikin malama ne. Na tabbata a daren nan an kifar da tukwane a gidaje da yawa.

Ta nuna mini wasu dabarun. Littattafan karatu ba su isa ba, sai ta sauke labarai daga African Storybook, wani shiri na Afirka ta Kudu da yake ba da gajerun labaran yara kyauta cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. Takan kwafi labarin a allo da manyan haruffa, ta zaga da waya su ga hotunan. Kalmar Turancin da ba ta tabbatar da lafazinta ba, takan saurara da dare kafin ta tsaya gaban yara, domin kuskuren malami ɗaya kuskuren yara sittin ne. Abin da ta sauke kuma takan tura wa sauran malamai ta Xender ko Bluetooth, ba a kashe ko kwabo. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, yana ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta. Malamanmu su yi rajista su duba abin da ya dace da ajinsu.

Dabarar da ta fi burge ni ba ta bukatar intanet ma. A farkon zango takan ɗauki muryar kowane yaro yana karanta layi uku. A ƙarshen zango ta sake ɗauka. Ranar ba da sakamako ta kunna wa uban yaro su biyun. Baba wanda bai iya karanta katin sakamako ba, kunnensa ya iya bambance mai in'ina da mai karatu tiryan-tiryan. In yaro bai ci gaba ba, ba mai iya ɓoyewa, har ita malamar. Na ce mata ba ki tsoro? Ta yi dariya ta ce tsoron ne yake sa ta shiri.

Ni kuma zan ƙara da nawa. Yawancinmu a nan muna da yarenmu ban da Hausa, kuma ku kun san jikokinku sun fara amsa muku da Hausa in kun yi musu yare. Iyayenmu mata, wayar da kuke zargi tana iya ɗaukar tatsuniyoyinku da waƙoƙin niƙa da sunayen itatuwa da muryarku, a kunna wa yara a aji ranar Juma'a. Wannan ba kamfanin da zai aiko mana da shi daga waje.

Kada kuma masu tsoro su ce na raina tsoronsu, suna da gaskiya a wurare da yawa. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2023 a kan fasaha a makarantu ya yi gargaɗi cewa wayar da ke kusa da ɗalibi tana ɗauke masa hankali, kuma a lokacin kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta riga ta kafa dokar hana ɗalibai waya a makaranta. Ni ma ban ce ɗan firamare ya zo da waya a aljihu ba. Memorin da ake lodawa a kasuwa, ku iyaye kun taɓa duba abin da ke ciki? Ana sa waƙoƙin sujada a sama, a ƙasa kuma abin da ba zan iya faɗa a gaban Baba Fasto ba. Ga cacar ƙwallo da take cinye kuɗin samarinmu. Ga masu sayar da amsoshin jarrabawa na ƙarya ta WhatsApp. Duk memorin da zai shiga makaranta, mutum biyu su duba shi tukuna, malami ɗaya da uwa ɗaya. Hoton yaro kuma kada a sa shi a Facebook sai iyayensa sun yarda. Wannan doka har da mu ma'aikatan agaji, domin mu ne muka fi kowa wannan hali.

Malamai, ku yi haƙuri, akwai naku. Na sha shiga aji in tarar an rubuta wa yara aiki a allo, malam yana bakin taga yana hira a waya. In muka ce waya kayan aiki ce, to ta zama kayan aiki. Wasunku kuma sun fara tambayar manhajojin nan masu ba da amsa, irin su ChatGPT, su shirya musu darasi. Ban hana ba, suna taimako. Amma sukan yi kuskure da ƙarfin hali kamar mai gaskiya, musamman da Hausa da abin da ya shafi garuruwanmu. A gwada amsarsu da littafi kafin a kai wa yara.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta tara mu. Ma'aji ya nuna mini littafi da safen nan, kuma da izininsa zan faɗa: malamai biyu suna bin makaranta bashin alawus. Da ni ne, wannan zan fara biya kafin in sayi ko da wayar caji. Duk abin da na ba ku labari, a Nijar ko a ajin malamar nan, a kan malami ya tsaya, kuma malamin da yake tunanin abin da za a dafa a gidansa ba zai kwana yana shirya darasi ba. Bayan wannan, faifan sola ɗaya da batir, a kafa a ofishin hedimasta domin cajin wayoyin malamai. In kwamiti ya yarda, mutanen gari ma su yi caji a nan su biya kaɗan, kuɗin ya zama na data da gyara, a rubuta a littafi a karanta wa ikkilisiya duk wata. Sai 'yar sifika da memori. In da saura, a nemi kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya ko biyu, ko da na hannu ne, masu madannai na sosai, domin 'yan ajin ƙarshe na sakandare su riƙa gwada jarrabawa da yamma. A rubuta sunaye a bi layi, kuma a ware wa 'yan mata ranakunsu, domin na lura in aka bar abin sake, samari ne suke mamaye kujera, yarinya kuma a kira ta ɗebo ruwa.

Kuma don Allah kada a sa wani ya sa hannu a irin takardar da na ba dattijon nan. Abin da yara suke taɓawa wata rana zai faɗi ya fashe. Ku ware kuɗin gyara tun yanzu, ku gaya wa hedimasta a gaban kowa cewa in ta lalace a bakin aiki, ta ikkilisiya ce ta lalace.

Ranar Asabar mai zuwa zan dawo in Allah ya yarda. Duk malamin da yake da babbar waya ya zo da ita da caji cike, har da malaman makarantar Lahadi da na ajin yaƙi da jahilci. Zan zo da memori mai labarai da darussa, kowa ya kwafa, sa'an nan kowane malami ya tsaya ya koyar da mu darasi ɗaya na minti goma mu gani. Malamar da na ba ku labarinta ta ce za ta biyo ni in an sami mai kawo ta a babur.

Na ga Mama shugabar zumunta ta ɗaga hannu tun ɗazu. Mama, ga ki, muna ji.